Sakkwato Ta Wuce Ganuwa: A Ƙofar Wa Talaka Zai Yi Sallama?

 

  

An nemi in yi magana a kan tsarin gari da sufuri a birnin Sakkwato, da kuma haƙƙin da jama'a ke da shi na tuhumar waɗanda suka zaɓa. Batun yana da faɗi, don haka zan ɗaure shi da tambaya guda. A watan Agusta, an kwana ana ruwa, layinku a Mabera ya cika, ruwan lambatu ya shigo zaure, yara sun kasa fita makaranta. Gari ya waye, ka sa rigarka za ka kai kuka. Wurin wa za ka? Kansila? Ciyaman? Hukumar tsara birane? Ma'aikatar ayyuka, ko ta muhalli? Mai unguwa? Duk wanda ya taɓa yin wannan tafiya ya san yadda take ƙarewa: kowane ofis ya karɓe ka da fara'a, ya ce maka ba huruminsa ba ne, ya nuna maka na gaba. Abin da nake son mu tattauna yau shi ne wannan: birnin ya girma, amma babu wani zaɓaɓɓe guda da alhakin birnin gaba ɗaya ya rataya a wuyansa, wanda talaka zai tsaya gabansa ya tambaye shi, kuma ya zama dole ya amsa.

Garin nan ba tsirowa ya yi kara zube ba. Muhammadu Bello ne ya kafa shi a 1809, a kan tudu, kusa da mahaɗar gulbin Rima da gulbin Sakkwato. Shehu Usmanu ya taso daga Sifawa ya zauna a nan a 1815, ya rasu a 1817. An ja ganuwa, an buɗe ƙofofi waɗanda har yau da sunayensu muke kwatance: Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Kade, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Atiku, Ƙofar Kware, Ƙofar Dundaye da Ƙofar Aliyu Joɗi. Aka ware wurin masallaci da kasuwa, masu sana'a suka zauna unguwa-unguwa, kamar yadda sunan Maƙera Assada ke shaida. A littafin Usulus Siyasa, wanda Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa gina garuruwa da gadoji da kula da kasuwanni da hanyoyi cikin wajiban mai mulki. Wajibi ya kira su. Ina jaddada wannan domin a yau idan aka shimfiɗa kwalta a unguwa, sai ka ga an rataya ƙyalle ana godiya kamar kyauta aka ba mu daga aljihu. Godiya tarbiyya ce mai kyau, amma wanda ya sauke wajibi da dukiyar jama'a, jama'a na da ikon su tambaye shi nawa ya kashe, kuma me ya sa ya fara da nan bai fara da can ba.

Girman da muke gani yanzu yana da sababai sanannu. A 1967 Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma, ma'aikata suka kwararo. A 1975 aka kafa jami'a. Kamfanin siminti na Kalambaina ya jawo nasa mutanen da nasa manyan motocin. Ko da aka cire Kabi a 1991 da Zamfara a 1996, birnin bai ragu ba. A ƙidayar 2006, Sakkwato ta Arewa da Sakkwato ta Kudu a haɗe sun haura mutum dubu 400, kuma tun daga wannan shekara ba a sake ƙidaya a Najeriya ba. Yaron da aka haifa a waccan shekarar, yanzu ya isa jefa ƙuri'a. A 'yan shekarun nan kuma ga wani sabon sababi mai ɗaci: 'yan uwanmu daga Isa, Sabon Birni, Rabah, Goronyo da sauran yankunan da 'yan bindiga suka addaba, sun shigo birni neman tsira. Suna kwana a kangaye da gine-ginen da ba a gama ba, suna shan ruwan da muke sha, suna bin hanyoyin da muke bi. Duk tsarin da bai lissafa da su ba, lissafinsa bai cika ba.

To ku dubi yadda aka raba ikon wannan gari. Tsohon birni yana Sakkwato ta Arewa. Mabera na Sakkwato ta Kudu. Arkilla da Gwiwa da Bado da Kalambaina suna ƙarƙashin Wamakko. Kwannawa da Dambuwa na Dange-Shuni. More tana Kware. Mutum ɗaya zai kwana a Arkilla, ya yi kasuwanci a babbar kasuwa, ya kai 'yarsa makaranta a Mabera, ya ratsa ƙananan hukumomi uku kafin azahar, shi kuwa a saninsa cikin Sakkwato yake. Ruwan sama ma haka: inda ya sauka daban, inda yake kwanciya daban, kuma bai san iyakar ƙaramar hukuma ba. Ciyaman na Dange-Shuni ko na Kware yana da ƙauyuka da yawa da yake kallo, unguwar da ta manne da birni ɓangare ce kawai a lissafinsa. Ba laifinsa ba ne, haka aka shata masa ƙasar.

Kundin Tsarin Mulki na 1999, a Jadawali na Huɗu, ya damƙa wa ƙananan hukumomi tituna na cikin unguwa, magudanan ruwa, fitilun titi, kasuwanni, tashoshin mota, kwashe shara, har da raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba. Amma ƙasar da za a yi duk wannan a kanta ba a hannunsu take ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma duk yankin da aka ayyana a matsayin birni shi ke da ikon rabawa da ƙwacewa. Ke nan mai alhakin lambatu daban, mai ikon filin da lambatun zai bi daban. Gwamna kuwa, ko wane ne shi, yana da ƙananan hukumomi 23 a gabansa, ga tsaro, ga albashi, ga asibitoci. Ba za ka kai masa kukan kwalbatin layinku ba, ko ka kai ba za ka gan shi ba.

A wannan giɓi ne awon igiya ke bunƙasa, kuma a nan nake son in ɗan daɗe, domin nan ne ake haifar matsalar da za ta dame mu shekara talatin masu zuwa. Ga yadda abin ke faruwa a gefen gari. Magidanci ya rasu ya bar gona. Magada sun ga birni ya iso bakin gonar, gero ba zai ba su abin da fuloti zai ba su ba. Sai a kira dillali. Ya zo da igiya da turaku da yara biyu, a yini ɗaya a yanka gonar. Kowane taku da aka bar wa hanya kuɗi ne ya fita daga aljihun mai gona, don haka sai a bar layin da mota ɗaya za ta wuce da ƙyar. Ba filin makaranta, ba na asibiti, ba na maƙabarta, ba inda ruwa zai bi. Kwarin da ruwa ya saba bi tun kakanni, shi ma a yanka shi a sayar da rani, lokacin da ya bushe. Mai saye ya biya, a rubuta takarda, shaidu su sa hannu. Ma'aikaci ne ko ɗan kasuwa da ya yi shekaru yana tara kuɗin adashi, ya sayi bulo ɗari yau, ɗari bayan wata uku. Ya tare da iyalinsa. Damina ta farko ta nuna masa abin da ya saya.

Bayan shekaru, unguwa ta cika, sai hukuma ta iso. Wani dattijo da irin wannan ta faɗa wa ya taƙaita mini labarinsa da cewa: "Mu dai munka tashi da sahe munka iske jan fenti ga bango." Ba wanda ya zo lokacin da ake jan igiya. Ba wanda ya zo lokacin da ake haƙa tushe. An zo ne ranar da za a ce gidan yana kan hanya. Dokar 1978 ta ba gwamnati ikon karɓar fili don amfanin jama'a, ta kuma ce a biya diyyar abin da aka gina ko aka shuka a kai. Ban ƙi a buɗe hanya ba, gari ba ya rayuwa sai da hanya. Abin da na ƙi shi ne a ɓoye wa mutum inda hanyar za ta bi har sai ya zuba dukiyarsa. Da taswirar tana manne a ofishin uban ƙasa, da shi da dillalin da mai gonar duk sun gan ta kafin a buga turke na farko.

Kuma wannan ba baƙon ra'ayi ba ne a dokokinmu. Dokar tsara birane da yankuna ta tarayya ta 1992 ta tanadi a baje daftarin tsarin gari a fili, jama'a su duba, mai ƙorafi ya shigar kafin a amince. A 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Ma'anar wannan a gare mu ita ce ba za mu ɗora wa Abuja laifi ba. Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato, wadda mu muka zaɓi 'ya'yanta, ita ke da wuƙa da nama a kan yadda za a tsara wannan gari da yadda za a saurari mutanensa.

Mu zo ga sufuri. Jirgin ƙasa bai taɓa isowa Sakkwato ba. Layin da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda tun 1929. Saboda haka duk buhun simintin da ya fita daga Kalambaina, duk albasar da za ta tafi kudu, duk man fetur da ya shigo, duk kayan da za su haura Illela zuwa Ƙonni, a bayan tirela suke, kuma a kan titunan da yaranmu ke tsallakawa. A cikin gari kuwa, wa ke ɗaukar jama'a? Ɗan kabu-kabu da mai Keke Napep. Su ne sufurin Sakkwato na haƙiƙa. Su ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, su ke shiga lungunan awon igiya da babu bas ɗin da zai iya shiga. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin hawa ya tashi, kuma kowa a zauren nan ya san wanda ya koma tafiya a ƙasa, ko ɗalibar da ta rage zuwa aji saboda kuɗin mota. Shi ma ɗan kabu-kabun ba riba ya ƙaru da ita ba: ga mai, ga balas na mai babur, ga tikiti iri-iri da ake yanka masa a hanya, wanda sau da yawa bai san asusun da kuɗin ke shiga ba.

An gina gadojin sama a garin nan, ciki har da na Runjin Sambo da na Rijiyar Ɗorawa a zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, an faɗaɗa tituna a gwamnatocin da suka gabace shi da wadda ta biyo bayansa. Ba na raina aikin kowa. Amma ina roƙonku, wata rana da ƙarfe biyu a watan Afrilu, lokacin da zafi ya haura digiri 40, ku tsaya a bakin ɗaya daga cikin manyan titunanmu masu hannu biyu ku kalli mai tafiya a ƙasa. Ga uwa da goyo, ta riƙe hannun wani yaron, ɗaya hannun da ledar magani. Gefen titin da ya kamata ta bi, mai shago ya fito da kayansa, mai gyaran babur ya baje, mota ta faka. Dole ta sauka kan kwalta. Ba alamar wurin tsallakawa, ba inuwa, domin itatuwan dogonyaro da ke wurin sun tafi lokacin faɗaɗawa. Ta tsaya tana ƙirga motoci da ido, ta ja yaron da gudu zuwa tsakiya, ta sake tsayawa a kan ɗan siririn kankare, tirela na wucewa ta gabanta da bayanta. Wannan baiwar Allah tana da katin zaɓe. Ita da ire-irenta sun fi masu motoci yawa nesa ba kusa ba. Da an tambaye ta kafin a zana titin, da ta ce a bar mata wurin taka ƙafa da itacen da za ta huta a ƙarƙashinsa, kuma kuɗin wannan bai kai komai ba a kan kuɗin gadar sama.

Akwai masu cewa maganin cunkoso shi ne a hana kabu-kabu, kamar yadda Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013. Kano ta yi haka ne saboda tsaro, kuma da babura suka fita, 'yan adaidaita sahu suka cika gurbin, cunkoson bai tafi ba. Wanda ya hana abin hawa bai kawo madadinsa ba, talaka ya hukunta. Legas ta fara manyan bas masu layinsu na kansu a 2008, bayan ta kafa hukuma guda mai kula da sufurin birnin baki ɗaya. Sakkwato ba Legas ba ce, kuma ba ma buƙatar kwaikwayon girman aikinsu. Abin ɗauka shi ne tsarin: bas mai hanya sananniya da lokaci sananne, misali daga Kwannawa zuwa babbar kasuwa, daga Arkilla zuwa cikin gari, daga gari zuwa jami'a, kabu-kabu da keke su riƙa kawo mutane daga lungu zuwa matsaya. Gwamnatoci sun sha sayo motoci a ƙaddamar da biki. Sayen mota shi ne mai sauƙi. Wa zai gyara ta, nawa ta tara a wata, ina ta shiga bayan shekara biyu, waɗannan ne tambayoyin da ba mu saba yi ba, shi ya sa ba a saba ba mu amsa ba.

Abubuwa biyu sun faru da ya kamata su zama mana darasi. A Satumbar 2010 ambaliyar gulbin Rima ta yanke hanyar da ta haɗa gari da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, mutane suka koma tsallakawa da kwale-kwale, karatu ya tsaya. A Janairun 2021 gobara ta cinye babban sashe na babbar kasuwa. Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita. Amma bayan an jajanta, an raba tallafi, akwai tambayoyin da imani bai hana ba. Gine-gine nawa aka bari suka shiga fadama tun daga 2010? A kasuwanninmu na yau, motar kashe gobara za ta iya kaiwa tsakiya, ko rumfuna sun cinye hanyar? Wa ya ba da izinin rumfunan, wa ke karɓar kuɗinsu?

Wanda ya fi dacewa ya ɗauki waɗannan tambayoyi shi ne kansila, domin shi ne zaɓaɓɓen da ya fi kusa da ƙofar gidanka. Jihar nan tana da mazaɓu 244. Sashe na 7 na Kundin Tsarin Mulki ya lamunce a riƙa mulkin ƙananan hukumomi ta hanyar zaɓe, amma mun ga lokutan da kantomomi ke riƙe da su. Idan kuma an yi zaɓen, ku dubi sakamakon. A Maris 2021 jam'iyyar PDP mai mulki ta lashe kujerun ciyaman 23 duka. A Satumbar 2024 jam'iyyar APC mai mulki ta lashe 23 duka. Jam'iyya ta canza, sakamako bai canza ba, kuma haka abin yake a kusan kowace jiha ta Najeriya. Mutumin da ya san ba ƙuri'arka ce ta kawo shi ba, ba zai ji tsoron fushinka ba. Idonsa na kan wanda ya sa sunansa a takarda. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma haramun ne gwamna ya rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantoma. Hukunci ne mai nauyi. Sai dai kuɗin da ya iso hannun ciyaman kai tsaye, in babu idon jama'a a kansa, wurin ɓacewarsa kawai aka sauya.

A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya, 'yan uwa. Idan kansila ya fito da safe, me ke jiransa a ƙofar gida? Mai neman kuɗin ragon suna, mai takardar asibiti, mai neman gudummawar biki. Talauci ne, na sani, kuma ba na zargin mabuƙaci. Amma idan mutum ɗari suka zo masa ɗaya-ɗaya da buƙatar kansu, ba wanda ya zo da maganar lambatu, to mun koya masa cewa aikinsa rabon kuɗi ne. Haka mai zuba shara a magudana da dare, da mai ƙara shago a kan hanyar ruwa don yana da wani a sama, su ma suna cikin masu jawo ambaliyar Agusta.

Abin da nake nema ba ya buƙatar rancen waje. Na farko, a fito da taswirar tsarin birnin Sakkwato a manna ta inda kowa zai gani, a ofishin kowane uban ƙasa da sakatariyar kowace ƙaramar hukuma da birnin ya shafa, a sa ta a intanet, a yi bayaninta da Hausa a rediyo, a boko da ajami a takarda. Duk mai sayen fili ya iya zuwa ya duba kyauta ko filin yana kan hanya ko kan kwari. Kuma a riga dillali isa gonakin gefen gari: a shata manyan hanyoyi da magudanai da filayen makaranta tun ana noma wurin, a kafa turakun siminti, a biya mai gona haƙƙinsa. Diyyar gona a yau ta fi diyyar gida gobe sauƙi ga gwamnati da talaka duka.

Sannan Majalisar Dokoki ta yi dokar da za ta haɗa ƙananan hukumomin da birnin ya ratsa a zaure guda kan sufuri da magudanai da shara, da wakilan direbobi, 'yan kabu-kabu, 'yan kasuwa, mata da masu buƙata ta musamman a ciki, kuma zamansa ya kasance a buɗe. Kada a fara wani babban aikin titi sai an zauna da mutanen unguwar, an nuna musu zanen, an rubuta abin da suka ce. Birnin Porto Alegre na ƙasar Brazil ya fara tun 1989 barin mazauna unguwanni su zaɓi ayyukan da za a sa a wani kaso na kasafin kuɗi. Mu da muke da al'adar shawara a ƙofar mai unguwa da harabar masallaci, wannan ba zai gagare mu ba, da sharaɗin a nemi hanyar jin ta bakin mata, domin su ba sa zama a waɗannan wurare, kuma su suka fi sanin wahalar hanyar asibiti da ta rijiya.

Ɗalibai da 'yan jarida da ke nan, naku ya fi kusa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon rubuta wa hukuma ya nemi takarda, kuma ta ba hukumar kwana 7 ta amsa. Ku zaɓi aiki ɗaya a unguwarku, kwalbati ko titi ko fitila. Ku nemi sunan ɗan kwangila, kuɗin aikin da ranar gamawa. Ku tara mutanen layinku, ku gayyaci kansila da ladabi, ku sa rana kafin damina ta faɗi, ku karanta masa amsar da aka ba ku a gaban jama'a, in kuma ba a amsa ba ku karanta masa kwafin wasiƙar da ranar da aka karɓe ta.

Shugaban taro, a nan zan dakata domin a samu lokacin tambayoyi, kuma ina roƙon a fara ba masu sana'ar tuƙi da iyayenmu mata dama.